Matiron ɗin da ta koya min aiki ta daina amsa gaisuwata saboda kwamfuta

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu. Ni nas ce, ina aiki a wasu asibitoci uku da suke ƙarƙashin hukuma ɗaya. Bara aka sayo manhajar ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, da yake na taɓa yin ɗan kwas kuma hannuna na da sauri sai aka cire ni daga wod aka ce ni zan jagoranci ɓangaren nas-nas na aikin a duka ukun. Da farko murna na yi, yanzu kam kullum da ciwon kai nake kwana.

Babbar damuwata matiron ɗin wod ɗin mata ce, wadda ita ta koya min aiki tun ina sabuwar fita makaranta, Mama nake ce mata, har bikina ita ta tsaya. Ta ce ita littafin ripot ɗinta da takardar magani ba inda za su je, yaran da ke ƙarƙashinta kuma duk sun bi bayanta. Suna rubutu a takarda, sai an kusa tashi daga diyuti su sa ƙaramar cikinsu ta zauna ta shigar da na kowa da faswod ɗin mutum ɗaya. Kwanakin baya, saura kaɗan a yi wa wata dattijuwa allurar insulin sau biyu, nas ɗin yamma ta yi mata ta rubuta a takarda ba ta sa a kwamfuta ba, ta dare ta duba kwamfuta ta ga ba a yi ba har ta zuƙo allurar, ɗiyar matar ce ta ce ai an yi mata ɗazu. Na faɗi wannan a mitin, tun ranar Mama ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, kuma na ji ana cewa wai na zama ƴar leƙen asirin manya.

Su kuma manyan sun ce in kawo sunayen duk waɗanda ba sa amfani da manhajar a ba su kweri, kuma suna so kafin ƙarshen wata mai zuwa duka asibitocin uku su bar takarda. Ga maigidana ya fara ƙorafi don tsakar dare ma kirana ake yi in netwok ya ɗauke. Anti in kai sunayen ne? Ko in ajiye muƙamin in koma wod in huta?

Wata nas

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɗiyar dattijuwar nan da ta buɗe baki ta yi magana Allah ya saka mata da alheri, don insulin sau biyu a jikin tsohuwa da daddare, lokacin da kowa ya ɗauka barci kawai take yi, abu ne da kan iya ƙarewa da sukari ya faɗi warwas kafin a farga. Saboda haka da kika ɗaga maganar kin yi daidai, kar wani ya sa ki ji kamar gulma kika yi. Inda aka samu matsala shi ne wurin da kika ɗaga ta. A gaban mitin, ga manya ga ƙanana, yarinyar da mutum ya koya wa riƙe sirinji ta miƙe ta ce a wod ɗinsa aka kusa yin kisa, ko ba ki kama suna ba kowa ya san wod ɗin waye. Mama ba kwamfuta ce ta fi yi mata ciwo ba a yanzu, wannan ne. Za mu dawo kanta.

Amma bari in fara da tambayar da kika yi kai tsaye. A'a, kar ki kai sunayen, aƙalla ba yanzu ba kuma ba a wannan siffar ba. Ba wai don ki kare su ba, don dai lissafin da manyanki suka yi ne ba daidai ba, sun ɗauka taurin kai ne ya hana aikin tafiya, alhali abin da kika bayyana min a wasiƙarki sunansa rubutu biyu. An ce wa nas ta rubuta a takarda kuma ta sake rubuta abu ɗaya a kwamfuta, ga marasa lafiya cike da wod, ga ƴan jinya suna kiranta ta ko'ina, ga ƙarin ruwa ya ƙare a gado na shida. Duk nas mai hankali za ta zaɓi wanda ya fi sauri ta bar ɗayan sai ta samu sarari, kuma biro ya fi sauri. In kika ba mutum talatin kweri gobe, jibi za su riƙa cika kwamfutar da bayanai don tsoro, za a ga komai ya yi kore a allon manaja, amma awon zafin jiki da na hawan jini da aka shigar ƙarfe biyu na dare duk a zama ɗaya, wasu daga ka aka ƙirƙiro su. Wannan ya fi babu haɗari, don likita zai gani ya yarda.

Abin da nake so ki yi kafin ki sake shiga kowane mitin, ki ɗauki diyutin dare guda da na safe guda a wod, ki sa yunifom ɗinki ki yi aiki tare da su, da agogo a hannu da ɗan littafi a aljihu. Ki ƙirga kwamfuta nawa ce a wod ɗin kuma nas nawa ne suke layi a kanta, likitoci ma suna zama a kanta lokacin zagaye ko a'a. Daga gadon ƙarshe zuwa teburin da kwamfutar take taku nawa ne. Daga lokacin da mutum ya sa faswod zuwa lokacin da shafin majiyyaci ya buɗe sakan nawa ne, kuma sai an danna wuri nawa kafin a shigar da awo guda ɗaya. In an ɗauke wuta minti nawa ake yi kafin janareta ya tashi, kuma in ya tashi abin da aka fara rubutawa yana nan ko ya ɓace sai an sake daga farko. Wannan na ƙarshen ki kula da shi sosai, don nas ɗin da ta rubuta dogon bayani sau biyu yana gogewa ba wa'azin da zai sa ta yarda da na'urar a karo na uku. Ki yi haka a kowane ɗaya daga asibitocin uku, don ba lallai ciwonsu ya zama ɗaya ba, wani netwok ne, wani ƙarancin na'ura, wani kuma horon da aka yi musu na yini ɗaya ne a ɗakin taro da majigi, kowa ya ci shinkafa ya sa hannu a takardar halarta ya tafi bai taɓa madannai ba.

Wannan jerin shi za ki kai wa manya a madadin sunaye. Ki ce ranka ya daɗe, ga abin da ke hana aikin, ga wanda za a iya gyarawa a sati biyu ga wanda ke buƙatar kuɗi. Shugaba in ka je masa da kuka kawai zai ce ka yi haƙuri, in ka je masa da lamba a takarda dole ya amsa lambar.

Sai maganar wa'adin wata mai zuwa ga asibitoci uku a lokaci guda. Nan ma ina so ki tsaya da ƙafarki, cikin ladabi, kuma kina da hujjar da ba taki ba ce ke kaɗai. A Amurka, asibitin yara na birnin Pittsburgh ya kunna tsarin rubuta magani ta kwamfuta a duk faɗin asibitin cikin kwana shida kacal a 2002. A 2005 likitocin wurin suka wallafa bincike a mujallar Pediatrics, suka nuna cewa a cikin yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci cikin mawuyacin hali, mace-mace ta tashi daga kashi 2.8 cikin ɗari zuwa kashi 6.57. Dalilan da suka lissafa za ki gane su don irin naku ne: da, tun yaro na kan hanya ake haɗa masa magani, da tsarin ya zo sai ya zama ba a iya rubuta komai sai yaron ya iso an yi masa rijista, an kwashe magungunan gaggawa daga wod an mayar famasi, ga nas da likita sun koma gaban allo maimakon bakin gado. An yi muhawara sosai a kan binciken, kuma asibitin yara na Seattle da ya sa irin wannan manhajar amma ya shirya mata a hankali bai ga ƙaruwar mace-mace ba. To kin ga manhaja ɗaya ce, yadda aka shigo da ita ne ya bambanta. Akwai kuma asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles, asibiti mai kuɗi na gaske, wanda a farkon 2003 dole ya dakatar da nasa tsarin bayan ƴan watanni saboda likitoci sun yi bore. Su da wutarsu ba ta ƙiftawa ke nan.

Abin da za ki nema shi ne wod ɗaya na gwaji. A zuba masa na'urori isassu, in da hali irin allon hannu da za a iya zuwa da shi bakin gado, a tabbatar da inbata ko sola a kan na'urar netwok da sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan, a horar da mutane a cikin wod ɗin a kan aikinsu na gaske kuma a lissafa lokacin horon a matsayin diyuti, ba a ce wa wadda ta kwana a tsaye ta tsaya darasi da safe ba. A kowane shif a samu mutum ɗaya cikin nas-nas ɗin wod ɗin da ta ƙware sosai, wadda za a taɓa a kafaɗa a ce zo ki gani abin nan ya ƙi, kuma a rage mata marasa lafiya a makonnin farko. Sannan a sa rana, a rubuce, da sa hannun shugabar ma'aikatan jinya, cewa daga ranar kaza ƙarfe kaza takardar magani ta daina aiki a wannan wod, kwamfuta ce kaɗai shaida. Kafin ranar kuma takarda ce shaida, duk mai ba da magani takarda za ta duba. Wannan dokar ta wuri ɗaya ita ce maganin abin da ya kusa faruwa da dattijuwar nan, kuma ba sai kin jira komai ba, gobe ma za a iya kafa ta. Abin da ya kusa kashe matar shi ne akwai wurare biyu da ake dubawa kuma ba wanda ya ce wanne ne na gaskiya.

Kuma ki rubuta rahoton wancan lamarin yadda ya kamata in ba a rubuta ba, amma ki rubuta shi a kan tsarin, kar a rataya shi a wuyan yarinyar dare ko ta yamma. Ta yamma ta yi allura ta rubuta inda matiron ɗinta ta ce ta rubuta, ta dare ta duba inda hukuma ta ce ta duba. In aka hukunta ɗaya daga cikinsu, na gaba da zai faru ba za ki ji labarinsa ba.

Abu ɗaya ne a wasiƙarki da ba zan ce ki lallaɓa ba, shi ne faswod ɗin nan na mutum ɗaya da kowa ke shiga da shi. Wannan ki tsayar da shi, kuma ki fara da ita yarinyar da ake amfani da nata, ki kira ta gefe ki fahimtar da ita cewa duk abin da aka shigar da sunanta, a idon hukuma da kotu da majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ita ta yi, ko tana gida tana barci. Manhajar tana ajiye wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya canza. Ranar da wani abu ya lalace ba wanda zai miƙe ya ce ni na ba da maganin, sunanta za a gani. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta wajabta sirrin bayanan majiyyaci, ta ɗora wa mai kula da asibiti alhakin hana wanda ba shi da izini isa ga bayanan, kuma ta sa hukuncin tara ko ɗauri a kan ƙirƙira ko murɗa bayanan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri. A wod ɗin mata fa muke magana, inda akwai sakamakon gwajin ciki da na cutar ƙanjamau da abubuwan da in suka fita aure kan mutu. Amma ki tabbatar kowa na da nasa faswod ɗin da ke aiki kafin ki yi faɗa, don sau da yawa za ki tarar an yi wata uku ana jiran ofishin kwamfuta ya buɗe wa sababbin ma'aikata nasu, ko wadda ta manta nata sai ta yi kwana huɗu tana bin wani saurayi a ofis kafin ya sabunta mata. In haka ne laifin ba a wod yake ba. In kuma an gyara duk wannan, an yi gargaɗi a fili, wani ya ci gaba, to a nan kweri ya halatta kuma ba ke za ki bayar ba, shugabar ma'aikatan jinya ce.

Yanzu Mama. Ki je gidanta, ba ofis ba, ranar da ba ta da diyuti, da ɗan abin hannu kamar yadda kika saba zuwa da. Ki durƙusa ki gaishe ta ko ta amsa ko ba ta amsa ba, ki ce Mama na zo ban haƙuri, maganar nan ke ya kamata in fara kawo wa kafin in kai mitin. Iya nan za ki tsaya a ban haƙurin, kar ki ce ƙarya kika yi ko abin bai kai a faɗa ba, don ya kai. In kina ganin ba za ta saurare ki ba ki tafi da wata sa'arta da take jin nauyi, irin tsofaffin sistocin da suka yi ritaya.

Ki kuma sa a ranki abin da wataƙila ba za ta taɓa furtawa ba. Mace ce da ta yi shekaru tana shiga wod kowa ya nutsu, da ido kawai take gane majiyyacin da zai rikice kafin dare. Yau an ajiye mata na'ura da ƙananan rubutu, tana neman harafi da yatsa ɗaya, ɗalibai na tsaye a bayanta suna kallo suna danne dariya. Wa zai so haka? Sau da yawa "ba na so" ɗin manya "ban iya ba kuma ba na so a gani" ne. Ki ce za ki riƙa zuwa ku zauna ku biyu, ƙofa a rufe, ki ƙara mata girman rubutun allon, kuma kar kowa ya ji daga bakinki cewa kina koya mata.

Amma kar ki je da tunanin lallashi kawai, don akwai yiwuwar tana da gaskiya a wani ɓangaren. Ki roƙe ta ta buɗe miki littafin ripot ɗin nan ta nuna miki abin da ke ciki wanda manhajar ba ta da gurbinsa. Ina kyautata zaton za ki samu da yawa: wadda ba ta ci abinci ba don ba mai kawo mata, wadda mijinta ya ce ba a ƙara mata jini sai ya zo, wadda kuɗin maganinta ya ƙare an tsallake allurar rana, wadda ta yi shiru fiye da jiya. A shafi ɗaya nas mai karɓar aiki take ganin wod gaba ɗaya. Yawancin manhajojin nan an gina su ne da tunanin likita da mai karɓar kuɗi, nas sai daga baya ake tunawa da ita, shi ya sa za ki ga wurin lissafin kuɗi ya yi kyau amma wurin miƙa aiki tsakanin shif babu ko kuma sai an buɗe majiyyaci ɗaya bayan ɗaya. Ki rubuta duk abin da ta nuna miki ki kai wa kamfanin da ya sayar muku, ki duba yarjejeniyar da aka yi da su ko gyara na ciki, kuma in aka yi gyaran ki faɗa a gaban mitin ɗin nan dai cewa shawarar Mama ce. Ki ba hukuma shawarar a kafa ƙaramin kwamitin nas-nas da zai riƙa duba duk wani fom kafin a sa shi a manhaja, a ba ta shugabanci ke ki zama sakatariya. Ba wayo nake koya miki ba, aikin ne yake buƙatar abin da ke kanta.

Takardar ma ba mutuwa za ta yi ba, kuma wannan zai yi mata daɗin ji. Duk asibitin da ya san abin da yake yi yana da fom na takarda a ajiye don ranar da tsarin ya tsaya, da ƙa'idar wa zai sanar, a ina za a rubuta, wa zai shigar da bayanan in an dawo. A watan Mayun 2017 da ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati da dama a Ingila, an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, ma'aikata suka koma biro da takarda. Mu da wuta da netwok ke ɗaukewa ba sai an kawo mana hari ba, wannan tsarin ko-ta-kwana ya fi zama dole a wurinmu, kuma ba wanda ya fi Mama cancantar tsara shi.

To in kin yi duk wannan ta ƙi fa? Yana iya faruwa, wani ran mutum ya riga ya rufe. Sai ki fara gwajin a wani wod ɗin da shugabarsa ke so, ki bar nata ya zo daga baya, in ma'aikatanta suka ga ƙawayensu na tashi diyuti a kan lokaci su da kansu za su fara tambaya. Ranar da layi ya zo kanta kuma, umarni daga shugabar ma'aikatan jinya zai fito, ba daga bakinki ba. Ke ki ci gaba da gaishe ta kullum. Wannan ma ya kawo ni kan wani abu da na lura da shi a wasiƙarki, kin ce "aka ce ni zan jagoranta". A baki ne ko a rubuce? Ki nemi takarda da ta fayyace aikinki, wa kike kai wa rahoto, me kike da ikon yankewa, me ba naki ba. An ba ki nauyi ba a ba ki iko ba, shi ya sa manya ke turo ki ki yi musu aikin ladabtarwa, ƙanana kuma ke ganinki ƴar rahoto. Wurin zamanki a ƙarƙashin shugabar ma'aikatan jinya ne, kina magana da yawun nas-nas a gaban masu kwamfuta.

Maigidanki kuma yana da gaskiyarsa, kar ki haɗa shi da masu adawa. In netwok ya ɗauke ƙarfe ɗaya na dare ke me za ki yi daga kan gado? Wannan kiran na ofishin kwamfuta ne, kuma ya kamata su sami jadawalin wanda ke jiran kira da lambar da aka manna a bangon kowane wod. Ana kiranki ne don ke kaɗai ce ke ɗauka. Ki sa wannan cikin buƙatunki, ki raba sauran kiran da ƙwararrun shif ɗin da muka yi magana, ki ware darare biyu ko uku a sati da ke ce mai jiran kira, sauran ki kashe wayar aiki. Ki zaunar da shi ki gaya masa ga abin da kika nema a ofis ga lokacin da kike sa ran abin zai lafa, namiji ya fi haƙuri da wahalar da ya san ranar ƙarewarta. In za a kunna sabon wod ki sanar da shi tun da wuri cewa satin nan sai a hankali.

Batun ajiye muƙami, ni dai ban goyi baya ki ajiye a wannan satin da ranki ke ɓace ba. Aikin nan fanni ne mai zaman kansa, ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin ƙwarewa tun 1992, kuma a nan ma asibitoci sai ƙara komawa kwamfuta suke yi, ga DHIS2 da ake tura alƙaluman lafiya na ƙasa da ita, ga manhajoji irin OpenMRS da ake amfani da su a asibitoci da yawa a Afirka, masu fahimtar wod da na'ura a lokaci guda kuwa ba su da yawa. Kuma in an yi shi daidai yana ceton rai. Tsarin nan na ɗaura wa majiyyaci abin hannu mai lamba a haska shi a haska magani kafin a bayar, wata nas ce mai suna Sue Kinnick a asibitin tsofaffin sojoji na Topeka a Amurka ta kawo tunaninsa, bayan ta ga yadda kamfanin hayar mota ke haska lamba in an dawo da mota. Binciken da aka wallafa a 2010 daga asibitin Brigham and Women's na Boston ya nuna irin wannan tsarin ya rage kurakuran ba da magani, ban da na saɓa lokaci, da kusan kashi 41 cikin ɗari. Da irinsa ne a wod ɗinku, da na'urar ce za ta yi wa nas ɗin dare ƙara tun kafin ɗiyar dattijuwa ta yi magana, in dai ta yamma ta haska nata.

Ki ba kanki wata uku. Ki kai buƙatunki a rubuce ki ajiye kwafi: wod ɗin gwaji, dokar wuri ɗaya, faswod ga kowa, jadawalin kira, takardar aikinki. In suka amsa ko da rabi ne, ki ci gaba. In kuwa suka ce su dai sunaye suke so kuma wata mai zuwa ɗin nan ba fashi, ba ƙarin na'ura ba gyaran wuta, to ki rubuta musu damuwarki a kan lafiyar majiyyata da kwanan wata, ki nemi a mayar da ke wod cikin mutunci, don kar ranar da abu ya faru a ce ai ga wadda aka ba aikin. Ki yi istihara kafin ki yanke. Amma zuwa gidan Mama kar ki jira wata uku, ki je wannan Asabar ɗin, kuma in kin dawo ki rubuto min yadda kuka yi.